Bishof Samuel Ajayi Crowther, Bawan da Bai Fid da Zuciya Ba

A shekara ta 1821 mahara suka fāɗa wa garin Osogun a ƙasar Yarabawa, suka kama wani yaro mai suna Ajayi, suka raba shi da uwatasa. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har an taɓa musanya shi da doki. Daga bisani ya faɗa hannun Turawan Fotugal, suka sa shi cikin jirgin bayi a Ikko. Amma a 1822 jiragen yaƙi na Ingila suka tare jirgin, aka kai shi Saliyo, aka 'yanta shi.

A can ya koyi karatu, ya karɓi baftisma a 1825, aka sa masa suna Samuel. A 1843 aka naɗa shi fasto. Da ya koma ƙasarsu da bishara, sai ya sadu da uwatasa a Abeokuta a 1846, bayan shekara 25. Ita ma daga baya ta ba da gaskiya.

Wahala ba ta rabu da shi ba. A 1841 ya bi Turawa cikin Kwara, zazzaɓi ya kashe da yawa a cikinsu, tafiyar ta watse. Duk da haka ya sake komawa. A 1857 jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba, ya nutse. Maimakon ya zauna yana baƙin ciki, sai ya dukufa ga koyon Nufanci. A 1864 aka naɗa shi bishof a Kantabori, shi ne baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi a ekklesiyar Angilikan. Ya kuma shugabanci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

Gwaji mafi zafi kuwa ya zo masa da tsufa, daga cikin gida. A 1890 waɗansu samarin mishan daga Ingila suka raina aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa da dama. Tsohon bai rama ba, bai kuwa tsaga ekklesiya ba. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891, bai ga an wanke sunansa ba. Sai a 2014 Babban Bishof na Kantabori ya nemi gafara a fili saboda abin da aka yi masa.

'Yan'uwa, mu ma muna cikin kwanaki masu wuya, waɗansunmu har sun fara cewa gobe ba ta da amfani. Mu tuna da wannan dattijo. Begensa bai dogara ga lafiyar zamani ko yabon mutane ba, gama ya rasa su duka biyu. Ya dogara ga Ubangiji wanda ya tashi daga matattu. Shi ya sa ya yi ta shuka, ko da ya ga ba shi ne zai girbe ba, ga shi kuwa har yau ana sujada a Lokoja da Onica inda ya yi aiki. Kada mu ajiye fartanya domin hadari ya yi jinkiri.