SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO MAI WURNO (1781–1837): TAƘAITACCEN TARIHINSA DA HIDIMARSA GA AL'UMMA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya je ziyara Wurno ya tsaya a hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kamata ya san dalilin da ya sa mai mulkin daula sukutum ya bar birnin da ya gina da kansa, ya koma bakin daga ya zauna har ajali ya riske shi a can. A cikin wannan dalili ne sirrin rayuwarsa yake.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 ta Hijira, daidai da 1781. Mahaifinsa shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗagel cikin jama'ar Shehu, inda ya sha ilimi daga mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da sauran malaman zamanin. Ya ƙware a fannin Larabci da tafsiri da hadisi da fiƙihu, kuma a gidan ne ya karɓi tarbiyyar ɗariƙar Sidi Abdulƙadir Jilani (R.A.), wadda ita ce ɗariƙar Shehu da almajiransa.

Yana da kimanin shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, sannan ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Duk da ɗawainiyar yaƙi bai ajiye alƙalami ba, domin a 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau masana tarihin wannan ƙasa ba su wadatu da barinsa ba. Da Shehu ya rasu a 1817, jama'a suka yi masa mubaya'a.

RIBAƊIN WURNO

Mulki bai zo masa da hutu ba. Gobirawa da Azbinawa sun riƙa kawo hari ta kwarin gulbin Rima, suna kwashe dukiya da mutane, har noma ya nemi ya gagara. Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a kan iyaka, inda mayaƙa za su zauna da iyalansu, su yi noma, su yi karatu, su kuma tsare hanya. Ya kafa irin waɗannan garuruwa da dama a yankin da ya ƙunshi Wurno da Rabah da Goronyo na yau, ya ɗora 'ya'yansa da makusantansa a kansu.

Shi kansa ya zaɓi Wurno, a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, ya mai da ita mazauninsa. Ya yi haka ne da sanin falalar da hadisai suka ambata ga wanda ya kwana yana tsaron iyakar Musulmi, da wanda ya mutu a kan haka. Ga ma'abota tasawwufi kuwa, kalmar ribaɗi tana da ma'ana ta biyu, wato wurin da muridi yake tsare zuciyarsa da zikiri. Bello ya haɗa ma'anonin biyu a gari guda: wuridi da asuba, tsaron jama'a da rana, karantarwa da rubutu da dare.

HIDIMARSA GA TALAKAWA

Masu tarihin da suka zauna da shi sun ruwaito cewa daga guminsa yake ci, ba daga baitulmali ba, kuma ƙofarsa a buɗe take ga mai ƙara. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da duniyar talakawansa kamar yadda yake kula da addininsu: ya raya manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masu magani, ya tabbatar kowane gari yana da rabonsa daga cikinsu, ya gyara kasuwanni da hanyoyi.

Ya kuma ba da himma ƙwarai wajen zaunar da makiyaya. Ya ƙarfafa wa Fulanin daji gwiwa su kafa garuruwa kusa da manoma, a gina musu masallatai, a tura musu malamai, domin 'ya'yansu su sami karatu, shari'a kuma ta game kowa. Bai ɗauki makiyayi abokin gaba ba, bai kuma bar manomi ba kariya ba.

Wani fannin da ba a cika ambata ba shi ne likitanci. Ya wallafa littattafai a kan magunguna, har da na musamman a kan ciwon ido da kuma basir, yana haɗa abin da ya zo daga Manzon Allah (S.A.W.) da abin da likitocin Musulunci suka jarraba. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya ziyarce shi a 1824, ya yi mamakin faɗin saninsa da irin tambayoyin da ya yi masa.

A ɓangaren ɗariƙa, ya rubuta littafi a kan silsilolin Ƙadiriyya, ya kuma tattara tarihin salihan mata a cikin Kitabun Nasiha, wanda ƙanwarsa Nana Asma'u ta mayar waƙa domin matan karkara su haddace.

RASUWARSA

A 1836 ya fita da kansa ya karya taron dangin abokan gaba a Gawakuke. Shekara guda bayan haka, cikin watan Rajab na 1253, daidai da Oktoban 1837, Allah Ya karɓi ransa a Wurno bayan shekara 20 yana jagorancin al'umma. A nan aka binne shi, ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Ɗansa Aliyu Babba ya ci gaba da zama a Wurno a zamanin mulkinsa, wani ɗan nasa kuma, Abubakar Atiku na Rabah, shi ne kakan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

DARASI GA 'YAN'UWA

A 'yan shekarun nan, ƙasar da Bello ya tsare da ransa ta sha fama da 'yan bindiga. Ƙauyuka da yawa a Wurno da Rabah da Goronyo sun ga kisa da garkuwa da mutane, gonaki sun zama kufai, amana tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni. Mai Wurno ya fuskanci makamancin wannan, ya kuma magance shi da adalci da ilimi da zama tare da waɗanda abin ya shafa. Muridin da ke son sa da gaskiya, sai ya haɗa wuridinsa da ciyar da ɗan gudun hijira, da karantar da yaron da ke ruga, da sulhunta maƙwabta.

Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa, Ya dawo da aminci ƙasar Rima da Nijeriya baki ɗaya, albarkar Annabi (S.A.W.) da Sidi Abdulƙadir. Amin.