Tarihin Likita Aikman da Kajin Jawa

An haifi Kiristiyan Aikman a ƙasar Holan cikin shekarar 1858. Ya yi karatun likita a birnin Amstadam, sa'an nan a 1886 aka aike shi tsibirin Jawa domin binciken wata cuta mai suna beriberi, wadda ke kashe ƙafafu, ta kumbura jiki, ta halaka sojoji da fursunoni. A zamanin nan masana sun ɗauka ƙwayar cuta ke kawo ta.

Ana nan sai kajin gidan bincikensa suka kamu da irin wannan ciwo, suna tafiya suna faɗuwa. Bayan 'yan watanni kuma suka warke ba magani. Da ya bi diddigi, sai ya tarar ashe ragowar farar shinkafa ta asibitin soja aka yi ta ba su, har sabon kuku ya zo ya hana, aka mayar da su kan shinkafa mai dusa.

Shi dai ya zaci guba ce cikin farar shinkafa, dusa kuwa makarinta. Magajinsa, Girains, shi ya gane a 1901 cewa rashin wani abu ne da ke cikin dusar, wanda yau ake kira bitamin B1.

An ba Aikman lambar Nobel a 1929, ya rasu a 1930.

To, mai cinikin shinkafa ya lura: farinta ba shi ne amfaninta ba. Wadda aka turara kafin a cashe ta, ita ta fi riƙe wannan sinadari.