Muhammadu Bello, Sarkin da ya Zauna Tare da Masu Tsaron Iyaka

Ran 15 ga Janairu kowace shekara Nijeriya takan tuna da sojojinta waɗanda suka mutu a bakin aiki, a majami'u kuma akan yi addu'a domin matansu da marayunsu. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu ba masu karatu labarin wani sarki na dā wanda ya san darajar mai tsaro, watau Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ya ke a Wurno, kusa da Gulbin Rima.

An haifi Bello a 1781. Ubansa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya tashi a gidan karatu, da a ce zaman lafiya ya ɗore, watakila da malami kaɗai za mu san shi. Amma a 1804 aka ɓata tsakanin Shehu da Yunfa Sarkin Gobir, jama'a suka yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya tashi. Bello kuwa yana da shekara 23.

Mutane sun fi son ba da labarin nasarar Tabkin Kwatto, amma abin da ya biyo baya ya fi nuna tsadar yaƙi. A ƙarshen shekaran nan, a Tsuntsuwa, jama'ar Shehu suka yi hasarar mutum wajen 2,000, cikinsu har da 200 waɗanda suka haddace Alƙur'ani. A 1805 aka sāke yi musu ɓarna a Alwasa. Ga yunwa, ga ciwo, ga mata da yara suna bin rundunar domin ba su da wurin zama. Saurayin da ya ga irin wannan ba zai ɗauki ran mayaƙi abin wasa ba. A 1808 Bello ya shugabanci rundunar da ta ci Alkalawa, aka kashe Yunfa. Shekara ta biye ya gina ganuwar Sakkwato. A cikin wannan hali duka bai ajiye alƙalami ba, gama a 1812 ya gama littafinsa Infaƙul Maisuri, inda mu ke samun yawancin labarin yaƙoƙin nan.

Sa'ad da Shehu ya rasu a 1817, aka naɗa Bello. Nan ya tarar cin ƙasa dabam ne, riƙonta kuma dabam. Gobirawa ba su sallama ba, Katsinawan da suka koma Maraɗi ma haka, ga kuma Kabawa daga yamma. Mayaƙansa kuwa manoma ne da makiyaya. Da rani a tara su a fita, da damina kowa ya koma gonarsa, a bar ƙauyukan iyaka a buɗe.

Dabarar da ya yi ita ce ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa a bakin iyaka, inda mutane za su zauna dindindin da iyalinsu, suna noma, suna karatu, makamansu kuwa a kusa. Ya jawo Fulani makiyaya su shigo gari su zauna, ya ƙarfafa su su yi kiwon dawakai, ya sa a koya wa 'ya'yansu karatu da sana'a. Aiki ne marar daɗi. Mai ribaɗi ba shi da ganimar da mai kai hari ya ke samu, ba a yi masa kirari a fada. Rabonsa shi ne kwana bisa ganuwa da sanyin hunturu, da fita gona da baka a kafaɗa. In maharan suka zo, shi za su fara tararwa, domin mutanen Sakkwato su yi barci.

A nan ne, a ganinmu, halin Bello ya fito. Bai aika da 'ya'yan talakawa iyaka ya zauna a birni ba. Ya raba 'ya'yansa da danginsa a garuruwan ribaɗi. Ɗansa Abubakar ya daɗe a Rabah har aka san shi da Atiku na Rabah, wanda daga baya ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, shi ne kuma kakan Sardauna Ahmadu Bello. Shi kansa sarkin ya yi sansani a Magariya, sa'an nan ya gina Wurno arewa maso gabas da Sakkwato, ta wajen da Gobirawa su ke fitowa, ya mai da ita mazauninsa. Ƙasar nan ta Wurno da Rabah da Goronyo ba ta rabu da bukatar mai tsaro ba ko a zamaninmu, kamar yadda harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 ya nuna, inda 'yan bindiga suka kashe mutane da yawa.

Tarihi ya riƙe sunayen sarakuna, ya zubar da na dakaru. Amma akwai mutum ɗaya da ba mu so a manta. A Oktoba 1826 wani Bature daga Ingila, Kyaftin Clapperton, ya bi rundunar Bello zuwa Konya, garin da Gobirawa suka kafu a ciki. Ya ga 'yan lifidi, ya ga maharba, ga bindigogi kaɗan ƙwarai. Wadda ta fi burge shi kuwa wata tsohuwa ce, baiwar sarki, mutuniyar Zamfara. Tana bisa doki, ta kifa faifai a ka saboda rana, ta rataya goruna wajen shida cike da ruwa a sirdi, da kwanon tagulla. Tana zagawa inda a ke faɗa tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Clapperton ya shaida ba wanda ya fi ta amfani a ranar, ƙarfin zuciyarta kuma bai kasa na kowa ba. Sunanta bai rubuta ba. Ba a ci Konya ba, rundunar ta juya.

Ba za mu ɓoye ba, yaƙoƙin nan sun bar hawaye. An ƙone garuruwa, an kama bayi da yawa, wataƙila har kakannin waɗansu masu karanta wannan suna cikinsu. Tsohuwan nan ma baiwa ce. Gobirawan da suka tsaya a ganuwar Konya su ma gidajensu su ke tsaro, matansu kuma sun yi takaba kamar matan Wurno.

Babban yaƙinsa na ƙarshe shi ne na Gawakuke a 1836. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye suka haɗa kai. Bello, yana da shekara 55, ya fita da kansa, ya bi da rundunarsa ta ƙasa mai ƙarancin ruwa. Aka gwabza, aka kashe Ali Sarkin Gobir da Rauda Sarkin Katsina na Maraɗi. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi waƙa da Fillanci a kan wannan yaƙi.

Bai daɗe ba bayan haka. A Oktoba 1837 ya yi ciwo ya rasu a Wurno, bayan shekara 20 yana sarauta. Ba a kai gawarsa Sakkwato kusa da ubansa ba, aka binne shi nan cikin ribaɗinsa. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gāje shi. Ɗansa Aliyu Babba, da ya hau a 1842, shi ma ya zauna a Wurno, can ne kuma Bature Barth ya sauka a wurinsa a 1853.