Labarin Alhassan Dantata, Ɗan Madugu

Masu karatu, a wannan wata za mu ba ku labarin wani mutumin ƙasarmu wanda ya yi yawancin kwanakinsa a kan hanya, ko kuwa yana shirya wa waɗansu hanya. Shi ne Alhassan Dantata. Mu mutanen Rano da Kibiya muna iya ce da shi maƙwabci, gama a Bebeji aka haife shi cikin shekara ta 1877. Mun ga ya kamata samarinmu da su ke marmarin buɗe ofishin shirya tafiye-tafiye su san tushen wannan sana'a, domin ta girmi mota, ta girmi jirgin sama.

Ubansa, Abdullahi, daga cikin Agalawa ya ke, madugu ne kuwa mai kai ayari Gwanja sayen goro. Aikin madugu babba ne ƙwarai. Shi ke sa ranar tashi. Shi ya san zango da zango, da inda ruwa ya ke, da inda mahara su ke fako. Jagaba yana gaba yana duba hanya, madugu yana baya domin kada a bar kowa. Idan an iso bakin Kwara, ko ƙasar wani sarki, madugu ne zai yi ciniki a kan kuɗin fito da gaisuwa, sa'an nan a raba wa fatake, kowa ya biya gwargwadon kayansa. In an shiga gari kuma, ya san fatoman da zai sauke su. Daga Kano su kan ɗauki kanwa da baƙaƙen tufafi na rini da jar fata a kan jakuna, su bi ta Yawuri da Borgu har Salaga, su komo da goro bayan watanni masu yawa. Duk wanda ya shiga ayari ya danƙa ransa da dukiyarsa a hannun mutum guda ke nan.

Alhassan bai daɗe yana ganin ubansa ba, gama Abdullahi ya rasu wajen 1885. Uwarsa, wadda a ke kira Amarya, ita ma bafatakiya ce. Ta tafi Ankara ta zauna, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta goye shi, daga sunanta kuwa aka sami Dantata. Ku duba, sunan da ya cika Afirka ta Yamma sunan baiwa ne wadda ta riƙe amanar marayu.

Gadon da ya samu kaɗan ne. Ya yi karatun allo a Bebeji yana 'yan saye da sayarwa, yana tara abin da ya samu a asusu. Da ya kai shekara wajen 15 sai ya bi ayarin Gwanja domin ya ga uwarsa. A wannan tafiya ya fara koyon hanya da ƙafarsa.

Bayan ya komo gida sai wahala ta auko. A 1893 basasa ta tashi a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Yaƙi ya ci Bebeji, aka kama mutane da yawa, har da Alhassan da 'yan'uwansa. Ɗan madugu ya ɗanɗana bauta. Amma ya sami fansa, ya koma fatauci, bai zauna yana kukan abin da ya wuce ba.

A nan ne hikimarsa ta bayyana. Turawa sun ci Kano a 1903, hanyoyi suna sakewa. Yawancin fatake suna nan a kan tsohuwar hanyar jakuna da kakanninsu suka bi. Alhassan kuwa ya lura goro yana lalacewa cikin doguwar tafiya, jirgin ruwa kuma yana yin kwanaki kaɗan daga Ankara da Sakandi zuwa Ikko. Wajen 1906 ya soma ɗora goronsa a jirgi. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai tafiyar da ta ke cin watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Ayarin jakuna ya yi ta raguwa, amma ɗan madugu bai rasa aiki ba, domin abin da ya gada wurin ubansa shi ne sanin yadda a ke kai mutum da kaya lafiya.

Jirgin ƙasa ya kawo cinikin gyaɗa. Alhassan ya koma birnin Kano ya zauna a unguwar Sarari, ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa. Ya kan ba yaransa kuɗi tun kafin kaka, su bazu cikin ƙauyuka su sayo. Babu abin da ya riƙe wannan ciniki sai amana da lissafi. Kakanninmu manoma na ƙasar Kano sun san wannan zamani, sa'ad da a ke tara buhuna kamar duwatsu, a ke ce da su dalar gyaɗa. A 1929 ya kai kuɗin azurfa, kayan raƙumi 20, ya ajiye a bankin Turawa na Kano. Duk da haka an san shi da tsimi da sauƙin kai, ba ya son almubazzaranci.

A farkon shekarun 1920 ya tafi aikin haji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Talakawa kuwa a lokacin da ƙafa su ke tafiya, ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Waɗansu su kan yi shekaru suna ƙodago a hanya domin su sami guzuri, waɗansu su mutu, waɗansu su zauna a Sudan ba su ƙara ganin gida ba. Alhassan ya riƙa biya wa mutane kuɗin tafiya daga aljihunsa.

Ɗansa Mahmudu ne ya mai da wannan taimako sana'a. A 1948, shi da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar kai alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda a ke kira WAPA. Suka fara da motoci ta hanyar Sudan, daga baya suka shiga yin hayar jirgin sama daga Kano. Maniyyaci ya biya kuɗinsa wuri guda, su kuwa su shirya masa takardu da abin hawa. Aikin madugu ke nan ya komo cikin sabuwar riga. Gwamnati ta karɓi aikin alhazai a hannunta a 1975, amma sunan Wapa ya zauna wa wurin da ofishinsu ya ke a Fagge. A Ingila ma haka sana'ar ta fara da ƙanƙanen abu. A 1841 wani mai wa'azi, Thomas Cook, ya shirya wa mutum wajen 500 tafiya cikin jirgin ƙasa zuwa taron masu ƙin giya, kowa ya biya sule guda.

Alhassan ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin rasuwarsa ya gargaɗi 'ya'yansa su haɗa kai, kada su wargaza abin da ya tara.

To, mene ne za mu koya? Shi Musulmi ne, mu masu bin Almasihu ne, amma gaskiya a ciniki ba ta da ƙabila. Na fari, kada ka kai mutane hanyar da kai ba ka sani ba. Ka koyi aikin fasfo da biza da tikiti a ƙarƙashin wanda ya iya, ka yi rajista bisa ga doka tukuna. Na biyu, kuɗin matafiyi amana ne. Sau da yawa gona ko saniya aka sayar aka kawo maka, saboda haka ka rubuta, ka ba da rasit, kada ka juya su cikin wani ciniki. Na uku, idan hanya ta sake, kai ma ka sake, yadda Alhassan ya bar jaki ya kama jirgi. Na huɗu, ka faɗa wa matafiyi gaskiyar abin da zai tarar a can, ko da zai fasa tafiya ka rasa riba.

Ku iyaye kuma, kafin ku miƙa ɗanku ko 'yarku ga mai alkawarin aiki a ƙasar waje, ku bincika shi kamar yadda fatake su ke binciken madugu kafin su ɗaura wa jakunansu kaya. Allah ya ba mu masu riƙon amana, ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Amin.