Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin da ya aika soji Kwango

A Damagaram, inda labarin Kano ya saba riga na Yamai isowa, dattawa ba su manta da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ba. An haife shi a ƙasar Bauci a 1912. Ya yi karatun malanta a kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma gida yana koyarwa. Shi ma, kamar Diori Hamani, alli ya fara riƙewa kafin ya riƙe ƙasa. A 1957 ya zama faraministan Nijeriya.

Ƙasarsa ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, wuta kuwa tana ci a Kwango: soji sun yi tawaye, Beljika ta sake turo dakarunta, lardin Katanga ya ɓalle. Ran 7 ga wata ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ya daɗe yana magana a kan wannan fitina. Tsoronsa shi ne kada Afirka ta zama fagen gwada ƙarfi tsakanin Gabas da Yamma. A watan Nuwamba bataliya ta 5 ta tafi Kwango ƙarƙashin Aguiyi-Ironsi, ƴan sanda su ma suka bi. Jaja Wachuku, wakilin gwamnatinsa, shi ya shugabanci kwamitin sulhu na Majalisar.

Gwajin gaske ya zo da kisan Patrice Lumumba a Janairu 1961. Gini da Maroko da Masar sun janye sojinsu don fushi da Majalisar. A Ikko samari suka fito zanga-zanga, ƴan hamayya na zarginsa da sassauci ga Turawa. Abubakar bai janye ko mutum ɗaya ba. Mai rubutun nan yana ganin fushin samarin yana da hujja, amma da kowa ya kwashe nasa, da filin ya koma hannun waɗanda suka hura wutar. Sojin Nijeriya suka zauna har aikin ya ƙare a Yuni 1964, Ironsi ne ma kwamandan rundunar na ƙarshe. A shekarar nan kuma, bayan boren soji a Tanganyika, Nyerere ya roƙa, aka aika masa bataliya guda ƙarƙashin Yakubu Pam, ta canji sojin Ingila.

Ran 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshi suka yi juyin mulki. Nzeogwu, wanda ya jagoranci ɓarin da aka yi a Kaduna, yana cikin waɗanda suka yi aikin Kwango. An kashe Pam a daren, mulki ya faɗa hannun Ironsi. Bayan kwana shida aka tsinci gawar Abubakar a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauci aka yi mata sutura.