Mungo Park: Likitan Da Ya Halaka A Duwatsun Busa

An haifi Mungo Park ranar 11 ga Satumba, 1771, a ƙauyen Foulshiels na ƙasar Sikotlan. Ɗan manomi ne, ya kuma yi karatun likita a Jami'ar Edinburgh. A zamaninsa Turawa sun daɗe suna jin labarin Kogin Kwara, amma ba su san inda ya dosa ba, alhali masunta da fatake na ƙasashen nan sun shafe ƙarnoni suna kai da komo a kansa.

A 1795 wata ƙungiya a Landan ta turo shi. Ya shigo ta Gambiya, ya sha tsarewa da yunwa, har ya isa Segu a watan Yuli na 1796, inda ya ga kogin yana gudana gabas. Littafin da ya wallafa a 1799 ya sa ya yi suna.

Gwamnatin Birtaniya ce ta sake turo shi a 1805, tare da Turawa fiye da 40. Damina ta riske su a hanya, zazzaɓi da atuni suka yi musu ɓarna, mutum 11 kaɗai suka isa Bamako da rai. A Sansandin ya haɗa kwale-kwale biyu ya yi jirgi mai tsawon ƙafa 40, ya raɗa masa suna Joliba. A watan Nuwamba ya tashi da Turawa huɗu, bayi uku da ɗan jagora Amadi Fatuma.

Sun ci kimanin mil 1,000, suka wuce Tambutu. Sai dai Park ba ya yada zango ya gaida masu ƙasa, ba ya biyan kuɗin fito, duk jirgin da ya matso sai harbi. Labarinsa ya riga shi gaba. A Yawuri Amadi ya sauka, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. A ruwayarsa, kyautar da Park ya bayar a kai wa sarki ba ta isa fada ba, sarki kuwa ya ɗauki abin a matsayin raini.

A Busa kogin yana kutsawa tsakanin duwatsu, ruwa na gudu da ƙarfi ta matsattsen mashigi. Nan jirgin ya maƙale a farkon 1806, ana yi masa ruwan kibau da masu daga gaɓa. Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa, suka nutse. Bawa ɗaya ne ya tsira.

Hugh Clapperton da Richard Lander sun tsaya a Busa a 1826 suna bin sawunsa, kafin su wuce Zariya da Kano. A 1830 Lander da ƙanensa John suka gangara daga Busa har teku, suka warware tambayar da ta ci ran Park. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, duwatsun da tsohon garin Busa suna ƙarƙashin tafki.