René Goscinny: mahaifin Astérix da aka kora daga aiki don ya nemi haƙƙin marubuta

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin Astérix ko Lucky Luke ya ga sunan Goscinny a bango. Amma kafin sunan ya hau bangon littafi, sai da mai shi ya sha wuya, har ya rasa aikinsa.

An haifi René Goscinny a Paris ranar 14 ga Agusta 1926, cikin iyalin Yahudawa ƴan asalin gabashin Turai. Yana da shekara 2 iyayensa suka koma Buenos Aires ta Ajantina. Mahaifinsa ya rasu a 1943, sai yaron ya shiga neman abinci, har ya samu aikin zane a wani kamfanin talla. A 1945 ya tafi New York, ya sha zaman kashe wando, amma can ya haɗu da Morris, ɗan Beljiyam mai zana Lucky Luke.

Da zane ya fara, kuma zanensa bai kai na abokansa ba. Baiwarsa tana wajen ƙaga labari da ban dariya. Sai dai a wancan zamani ba a ɗaukar mai rubuta labarin a bakin komai: littattafan Lucky Luke na farko da ya rubuta daga 1955 sun fito babu sunansa. A 1956 ya haɗa kai da abokan sana'a don neman haƙƙinsu wajen masu buga littattafai, sai kamfanin World Press ya sallame shi. Albert Uderzo da Jean-Michel Charlier suka ajiye aiki suka bi shi.

Wannan kora ta zama gobarar Titi. Da su ukun aka kafa mujallar Pilote, wadda ta fito ranar 29 ga Oktoba 1959 ɗauke da labarin Astérix na farko, rubutun Goscinny, zanen Uderzo. Littafin farko ya fito a 1961, kwafi 6,000 kacal. A 1965 Faransa ta harba tauraronta na ɗan adam na farko, aka laƙaba masa suna Astérix.

Aikinsa na edita ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali bai gaza na rubutun ba. Daga 1963 shi ke jan ragamar Pilote, da farko tare da Charlier, ya buɗe wa matasa ƙofa: Gotlib, Claire Bretécher, Druillet, Reiser. Wasunsu salonsu ya yi hannun riga da nasa, duk da haka ya ba su shafi. A lokacin boren watan Mayu na 1968, wasu masu zane suka kira shi taro suka tsare shi da zargi, a matsayin shugaba mai danne ma'aikata. Mutumin da aka kora saboda haƙƙin ƴan'uwansa! Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma a 1974 ya bar shugabancin mujallar.

Ranar 5 ga Nuwamba 1977 ya je wurin likita a Paris a auna zuciyarsa. Yana kan keken gwaji zuciyar ta tsaya. Shekarunsa 51. Ya bar rubutun Astérix a ƙasar Beljiyam, Uderzo bai gama zana shi ba. Da ya koma kan aikin, daga shafin da rasuwar ta same shi sai ya rufe sama da hadari, ya zana ruwa yana zuba. Littafin ya fito a 1979.